Tarihin Injin Lantarki Mai Maganaɗisun Dindindin

Injin lantarki, wato na'urar da ke mayar da wutar lantarki ta zama juyi, yana da manyan sassa biyu: ɓangaren da ke tsaye, wanda ake naɗe wa wayar jan ƙarfe, da ɓangaren da ke juyawa a cikinsa ɗauke da sandar da ke jan aiki. A irin injin da ake magana a kansa, ana dasa maganaɗisun dindindin a ɓangare mai juyawa, wato maganaɗisun da ke riƙe ƙarfinsa ba tare da an ba shi wuta ba, sannan a raba naɗin wayar gida-gida, kowane gida da lokacin da wuta ke shigarsa, kuma kowane gida shi masu aikin wuta ke kira fes. Tarihin wannan ƙira ya nuna cewa abubuwa biyu ne suka riƙa yanke mata hukunci, wato ƙarfin maganaɗisun da maƙera ke iya samarwa da kuma irin wutar da ake iya ba injin.

Da maganaɗisun dindindin aka fara. A shekarar 1820 Hans Christian Oersted na ƙasar Denmak ya lura cewa wayar da wuta ke bi tana karkatar da allurar kamfas, a shekarar 1821 kuma Michael Faraday ya sa waya ta riƙa kewaya maganaɗisun da ya kafa a cikin zaiba a birnin Landan. Sai dai maganaɗisun wancan zamani ƙarfe ne da aka taurara, mai rauni, mai saurin zubar da ƙarfinsa, don haka da William Sturgeon ya nuna cewa ƙarfen da aka naɗe da waya aka sakar masa wuta ya fi shi ja nesa ba kusa ba, sai masu ƙira suka koma can. Da irin wannan maganaɗisu na wuta Moritz Jacobi ya tuƙa kwalekwale a kogin Neba na Rasha a shekarar 1838, kuma bayan da Werner von Siemens ya ƙera janareta mai ciyar da maganaɗisunsa da wutar kansa a shekarar 1866, sai aka bar maganaɗisun dindindin ga ƙananan na'urori irin su mita da tarho.

Batun fes ya taso ne da zuwan wutar da ke sauya alƙibla, wadda ke tashi ta faɗi sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Galileo Ferraris a birnin Turin na Italiya, da Nikola Tesla a Amurka, kowa a nasa ɓangare, sun gano cewa idan aka ba gidajen waya wuta ɗaya bayan ɗaya, ƙarfin maganaɗisun da suke haifarwa yakan riƙa zagayawa da kansa, ya ja ɓangare mai juyawa a bayansa. Dukansu sun bayyana aikinsu a shekarar 1888, kuma da fes biyu suka fara. Mikhail Dolivo-Dobrovolsky na kamfanin AEG a Jamus shi ya tsayar da fes uku, ya ƙera injinsa a shekarar 1889, sannan a shekarar 1891 aka kai wuta mai fes uku daga Lauffen zuwa Frankfurt, tafiyar kilomita 175. Fes uku ya yi nasara ne saboda waya uku sun ishe shi, ƙarfinsa kuma ba ya tsinkewa, wato dalilin tsimin jan ƙarfe ne a kan turakun wuta. Tun daga nan kusan duk babban injin da za a jona wa layin wuta ya zama tilas ya bi wannan adadi.

Dawowar maganaɗisun dindindin ta ɗauki fiye da shekara sittin, kuma a ɗakunan binciken ƙarafa aka yi ta. A Japan, Kotaro Honda ya haɗa ƙarfe mai kobal a shekarar 1917, Tokushichi Mishima kuma ya haɗa ƙarfe da nikel da alminiyam a shekarar 1931. Kamfanin Philips na Holan ya fito da maganaɗisun ferayit, mai araha amma marar ƙarfi sosai, a farkon shekarun 1950. Babban sauyi ya zo ne da ma'adinan da ake kira masu wuyar samuwa, inda aikin Karl Strnat a Amurka a shekarar 1966 ya buɗe hanyar haɗa samariyam da kobal. Da faɗan lardin Shaba na ƙasar Zayar ya tayar da farashin kobal a shekarar 1978, sai neman madadi ya ƙara zafi, har Masato Sagawa na kamfanin Sumitomo da John Croat na kamfanin General Motors suka sanar a shekarar 1983 da maganaɗisun niyodimiyam da ƙarfe da boron, wanda ya ninka ferayit ƙarfi kusan sau goma.

Maganaɗisu mai ƙarfi kaɗai bai isa ba, domin injin irin wannan yana bukatar a ba kowane fes wuta daidai lokacin da maganaɗisun ya iso gabansa. A da, gutsattsarin kabon da ke goga zoben jan ƙarfe su ke wannan aiki, suna cinyewa, suna tartsatsi. Samuwar tiranzista a shekarar 1947, da makunnan lantarki masu ɗaukar wuta mai yawa da suka biyo baya, ta sa aka ƙera injin da ba shi da kabon a farkon shekarun 1960, aka kuma samu inbata, wato na'urar da ke karɓar wutar batir ta rarraba ta yadda ake so. Da inbata ta shiga tsakanin layin wuta da injin, tilascin fes uku ya kau, har a shekarar 1969 masu bincike Ward da Härer suka wallafa gwajin inji mai fes biyar.

Amfanin yawaita fes ya yi kama da lugude: idan masu daka suka ƙaru a turmi ɗaya, bugun yakan matso kusa da juna, nauyin kowace ya ragu, kuma ko ɗaya ta ajiye taɓarya dakan ba ya tsayawa. Haka inji mai fes biyar, ko mai fes shida da aka haɗa daga rukuni biyu na fes uku masu tazarar digiri 30, yake juyi ba fizga, kowane makunni yana ɗaukar wuta kaɗan, kuma yana ci gaba da aiki ko fes ɗaya ya mutu. Amma ba a iya kashe maganaɗisun dindindin, saboda haka idan waya ta haɗe a wani fes, juyin kansa zai ci gaba da tura wuta a cikinta har ta yi zafi. Wannan ya sa masu ƙira ke ware kowane fes a raminsa, su kuma naɗa shi yadda zai taƙaita wutar haɗewa, su ƙara wa maganaɗisun ma'adinin disforosiyam don kada zafi ya rage masa ƙarfi.

A yau inji mai maganaɗisun dindindin ne ke cikin motar Toyota Prius da ta fito a shekarar 1997, da injin Permasyn na Siemens a jiragen ƙarƙashin teku na Jamus, da famfuna da dama na rijiyar burtsatse masu aiki da hasken rana. Raunin da ya rage shi ne na ma'adini, domin ƙasar Sin ce ke samar da mafi yawan wannan maganaɗisu, kuma da ta taƙaita fitar da ma'adinan a shekarar 2010 farashinsu ya yi tashin gwauron zabo a shekara mai bi. Mai ƙira yanzu yana da ikon zaɓar adadin fes da aikinsa ke bukata, amma makomar injin tana hannun wanda ke haƙo ma'adinan da wanda ke tace su.