Kuɗin Kirifto da Mas'alar Kumfar Farashi

A ilimin tattalin arziki, kumfar farashi ita ce yanayin da farashin wata kadara ke hauhawa har ya zarce abin da amfaninta ko ribarta za su iya ɗauka, saboda masu saye ba su da wata hujja illa tsammanin samun wanda zai karɓa daga hannunsu da tsada. Masanin tattalin arziki Charles Kindleberger, a littafinsa na 1978 kan tarihin rikice-rikicen kuɗi, ya bi sawun takwaransa Hyman Minsky wajen nuna cewa irin wannan yanayi yakan faro da wata sabuwar ƙirƙira, bashi mai sauƙin samu ya rura wutarsa, jama'a su yi rububi, daga bisani firgici ya watsa kasuwar. Haka ta faru da cinikin furen tulif a Holan a 1637, da hannayen jarin kamfanonin intanet a Amurka a 2000.

Wanda ya dubi tarihin Bitcoin, wato kuɗin kirifto na farko da wani mai suna na aro Satoshi Nakamoto ya ƙaddamar a 2009, zai ga wannan siffa ƙarara. Farashinsa ya tashi daga kimanin dala 1,000 a farkon 2017 zuwa kusan dala 20,000 a ƙarshenta, ya rikito zuwa kimanin 3,200 bayan shekara guda, ya kai kusan 69,000 a Nuwamban 2021, sannan ya faɗo zuwa kimanin 16,000 a Nuwamban 2022. Sai dai inda gizo ke saƙar shi ne, furen tulif bai sake komawa tsadarsa ta da ba, amma Bitcoin ya haura dala 100,000 a Disamban 2024, bayan hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta amince da asusun zuba jari masu riƙe shi a farkon shekarar. Saboda haka abin da ya fi dacewa a ce shi ne kasuwar tana haifar da kumfa bayan kumfa, ba wai ita kanta kumfa ɗaya ce da ke jiran ranar fashewa ba.

Dalilin wannan maimaituwa yana cikin halittar kadarar. Hannun jari yana da ribar kamfani, gida yana da kuɗin haya, kuma da waɗannan ake auna ko farashi ya wuce kima. Bitcoin kuwa ba ya haifar da komai, don haka babu ma'aunin da zai tsayar da shi idan ya hau, babu kuma wanda zai tare shi idan ya gangaro. Masu kare shi suna kafa hujja da ƙarancinsa, tunda ba za a taɓa samar da fiye da guda miliyan 21 ba, suna kwatanta shi da zinariya. Hujjar tana da rauni, domin zinariya tana da masu neman ta don ado da masana'antu, kuma ƙaranci shi kaɗai ba ya haifar da daraja, musamman da yake kowa na iya kwafar manhajar ya fito da nasa kuɗin, kamar yadda dubbai suka yi.

A kan waɗannan dubban ne hukuncin kumfa ya hau ba tare da ja ba. Tsarin Terra da Luna, wanda ya jawo jama'a da alkawarin ruwa na kusan kashi 20 cikin ɗari, ya rushe cikin 'yan kwanaki a Mayun 2022 da dukiyar da aka ƙiyasta ta kai dala biliyan 40. Durƙushewar kasuwar musayar kirifto ta FTX a shekarar kuwa zamba ce, kamar yadda kotu ta tabbatar a kan wanda ya kafa ta, Sam Bankman-Fried.

Akwai kuma sashen da wannan hukunci bai shafa ba, wato kuɗin kirifto da aka ɗaure darajarsu da dala, irin su USDT. Ɗan kasuwar Kano da ya koma gare su lokacin da dala ta tashi daga kimanin naira 460 a tsakiyar 2023 zuwa fiye da 1,500 a farkon 2024 ba caca yake yi ba, jarinsa yake tsarewa, yana kuma biyan masu sayar masa da kaya a ƙasashen waje. Haɗarin da ke kansa na amana ne, domin darajar USDT ta dogara ga ajiyar da kamfanin Tether, mai fitar da shi, ya ce yana da ita, alhali a 2021 wata hukumar Amurka ta ci tararsa dala miliyan 41 saboda bayanan da ba daidai ba game da wannan ajiya.