Tarihin Gyaran Ƙafar Mota a Kudancin Katsina

Kafin zuwan mota, audugar ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a bayan jaki da takarkari ta ke tafiya. Da hanyar jirgin ƙasa ta taso daga Zariya ta ratsa Funtuwa, har ta isa Ƙauran Namoda a 1929, sai Funtuwa ta zama ƙofar wannan yanki. A can kamfanin B.C.G.A. ya kafa injin gurza, ga kuma gonar irin auduga a Daudawa, cikin ƙasar Faskari. Sannu a hankali manyan motoci suka fara shiga kasuwannin ƙauye da kaka, suna kwasar buhuna.

To, hanyoyin zamanin nan na burji ne. Da rani su yi gargada, da damina ruwa ya zaizaye su. Abin da ya ke fara gazawa a jikin mota kuwa ba inji ba ne, ƙafar gaba ce, don ita ke fara faɗawa kowane rami. Motocin lokacin a kan sifirin su ke zaune, watau fallayen ƙarfe da aka jera bisa juna, dogon a sama, gajeru a ƙarƙashinsa, aka ɗaure su da ƙusa a tsakiya. In gajere ya karye, mota ta lallaɓa ta kai gari. In dogon ne, nan za ta kwana da kayanta, masu auduga na jira, mai mota na lissafin hasara. Sai yaron mota ya saro itace, a cusa a ɗaure tam, a ja ta a hankali har wurin maƙeri.

A nan ya kamata a yaba wa maƙera, gama ba wanda ya koya musu mota. Sanin ƙarfe da suka gada shi ya fisshe su. Sukan warware sifirin, su ware lafiyayyen falle da mai tsaga, su sa wanda ya miƙe a wuta, su mayar masa da lanƙwasarsa a kan uwar maƙera. Wuyar aikin tana wajen kashe shi: in ya yi tauri da yawa ya ɓalle kamar ƙashi, in ya yi laushi ya kwanta kafin kasuwa ta zagayo. Ido kaɗai ke gane launin da za a tsame shi.

Daga baya zamani ya juya. A 1960 kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da mota ƙirar 404, wadda ƙafarta ta gaba sifirin ne murɗaɗɗe, da shokazoba a cikinsa. Ƙarfin ƙafar nan ya bayyana a tseren Safari na Afirka ta Gabas, inda ta zo ta ɗaya a 1963, da 1966, da 1967, da 1968. Da aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975, sai akori-kura da 504 suka cika tashoshin yankin.

Wannan ƙafa ta fi ƙarfin zugazugi. Aikin ya koma hannun bakanike, wanda zai ɗaga mota da jak, ya cire taya, ya danne murɗaɗɗen sifirin da hattara, don in ya kuɓuce yakan karya hannu. Ya sake robobin da suka cinye da mahaɗin sitiyari, hagu da dama tare, sa'an nan a daidaita tayoyin don kada su ci gefe guda. Abin da da a kan ƙera, ya zama sai an sayo. In roba ta yi wuyar samu, daga tsohuwar taya a ke yanko ta.

Karyayyen sifirin na manyan motoci kuwa bai bar maƙera ba. Da shi a ke ƙera adda da gatari da wuƙa, manoma kuma sukan tambaya ko ƙarfen sifirin ne kafin su taya.