Daga Tubali Zuwa Bulo: Waiwaye Kan Kayan Gini A Ƙasarmu

Duk ɗan garin nan da ya zo hutun Salla daga Legas ko Kaduna ko Abuja zai lura cewa fuskar garinmu ta sauya. Inda a da ake hango zankwaye da soraye masu launin ƙasa, yanzu ƙyallin kwano ne ke kashe ido tun daga kan hanya. Mafi yawan waɗannan sababbin gidaje kuwa da guminku aka gina su, ku 'yan uwa mazauna birane, waɗanda ke tsimin albashi da ribar kasuwa kuna aikowa gida. Saboda haka muka ga ya dace a wannan fitowar mu waiwayi tarihin kayan da ake gini da su a ƙasar Hausa, domin wanda zai zuba dukiyarsa a harsashi ya san yadda magabata suka riƙa zaɓe, da kuma yadda aka yi zaɓen ya kuɓuce daga hannun mai gida ya koma hannun mai shago.

Kakanninmu ba su san sayen kayan gini daga nesa ba. Ƙasar da za a gina gida da ita a bayan gida ake haƙo ta, shi ya sa babu tsohuwar unguwar da ba ta da kududdufinta. Amma ba kowace ƙasa ce ta gini ba. Magini yakan damƙi ƙasa ya jiƙa ta ya murza a tafin hannu, in yashi ya yi mata yawa ya san za ta zube, in kuma yumɓu ya rinjaya ya san za ta tsage idan ta bushe. Jar ƙasa mai ɗan tsakuwa, wadda ake kira birji, ita aka fi so. A kwaɓa ta da ruwa, a zuba yankakkiyar ciyawa, wani lokaci har da kashin doki, a tattake da ƙafa, sannan a rufe a bar ta kwanaki ta tsimu, a dawo a sake tattakewa. Daga nan ake mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya shi a rana. Wurin ɗorawa gindin ne ke ƙasa, tsinin yana sama, ana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bango yakan fara da kauri sosai daga tushe yana sirancewa yayin da yake hawa, kuma da rani kaɗai ake wannan aiki.

Rufi shi ne inda gwanintar take. Itacen da aka dogara da shi azara ce, wadda ake faskarawa daga gangar giginya, musamman namijinta, don ya fi tauri kuma gara ba ta cika yi masa komai ba. Sai dai azara tana da iyaka: idan tazarar da ta ratsa ta wuce kimanin mita 2 ba tare da madogara ba, nauyin ƙasar da ke kanta zai lanƙwasa ta. Wannan iyaka ita ta haifi fasahar da muke alfahari da ita. Don a faɗaɗa ɗaki sai magina suka riƙa fito da azara daga bango hawa hawa, kowace tana ɗauke da ta samanta, har aka kai ga bakan gizo da ɗaurin guga, inda bakuna ke tasowa daga bangaye su haɗu a tsakiyar rufi. Wanda ya taɓa ɗaga kai a zauren wani basarake ya ga abin da muke nufi.

Ruwan sama kuwa, wanda shi ne babban abokin gabar ginin ƙasa, an tanadar masa magani daga sharar wasu sana'o'in. Makuba daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa ake samun ta, a jiƙa a kwaɓa ƙasar yaɓe da ruwanta. Laso, wanda ya fi ta ƙarko da tsada, haɗi ne na katsi daga karofin marina, da gashin jima daga wurin majema, da dafara mai yauƙi daga daji. Ke nan marini da majemi da magini duk hannunsu na cikin rufin soro guda. Sai indararo da ke tura ruwa nesa da bango, sai daɓe da mata ke yi a tsakar ɗaki suna waƙa.

Kada wani ya ɗauka wannan gini na marasa hali ne. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwar birnin, Muhammadu Rumfa kuma (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa. Da sojojin Ingila suka zo a 1903, igwarsu ba ta iya rusa jikin ganuwar ba, sai ta ƙofa suka samu shiga. Hasumiyar Gobarau tana nan tsaye a Katsina bayan ɗaruruwan shekaru. A Zariya, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834 zuwa 1846), Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a da ƙasa da azara, ginin da masana fasahar gine gine daga ƙasashen duniya suka zo suka auna suka rubuta littattafai a kansa, har aka kwaikwayi siffarsa a gidan tarihin gine ginen gargajiya na Jos. A Agadas ta ƙasar Nijar hasumiyar masallaci mai tsawon mita 27, wadda aka sake ginawa a 1844, ita ma ta ƙasa ce. Su kansu Turawan mulki da farko magina Hausawa suka sa suka yi musu gidaje da makarantu. Gidan Dan Hausa a Kano da tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 shaidu ne.

To, me ya kawar da tubali? Abu na farko jirgin ƙasa ne. Da dogo ya iso Kano a 1911, taragon da ya kwashi gyaɗa da fatu zuwa bakin teku ba ya dawowa wayam. Yana dawowa da kwano da siminti da ƙusa da katako. Kantunan kamfanonin Turawa irin su John Holt da U.A.C. suka baza su, aka fara ganin su a tashoshin jirgi da Sabon Gari da ofisoshin En'e. Attajiri ya fara da rufa wa ginin ƙasarsa kwano, ya shafe fuskar zaure da siminti. Da aka sake gina babban Masallacin Kano da kankare a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, talaka ya fahimci inda manya suka fuskanta. Sannan aka fara yin simintin a gida: Nkalagu a 1957, Ewekoro a 1960, Kalambaina ta Sakkwato a 1967, Ashaka a 1979.

Amma abin da ya yi wa tubali jina jina shi ne kuɗin man fetur. Waɗanda muke aikin koyarwa a lokacin mun ga yadda ƙarin albashin Udoji ya shigo aljihun ma'aikata a 1975, kowa ya zabura sai ya yi ginin bulo. A shekarar ce kuma odar siminti da gwamnati ta yi ta wuce hankali, jiragen ruwa sama da 400 suka yi cirko cirko a gaɓar Legas wata da watanni suna jiran sauke kaya, har simintin wasu ya daskare a cikinsu. Tun daga wannan zamani kalmar "gidan ƙasa" ta zama kamar gori, ana neman aure a tambaya ko gidan su yaron na siminti ne.

Adalci dai shi ne mu faɗi cewa ba son burga kaɗai ya kori tubali ba. Ginin ƙasa kamar jariri yake, kullum yana son hannu. Kowace shekara kafin damina sai an hau soro an yi yaɓe, an toshe tsaga, an gyara indararo, kuma a da gayya ake yi, samarin gida da na maƙwabta su gama a yini ɗaya a ci tuwo a watse. Da samarin suka tafi makaranta da aikin gwamnati da ci rani, wa zai hau? Soron da ya yi damina biyu ba yaɓe kuwa yana iya rufta wa masu barci, kuma an sha ganin haka, musamman a shekarun ruwa mai yawa irin 1988, lokacin da madatsar Bagauda ta ɓalle. Ga giginya ta yi ƙaranci, marina sun koma shunin kanti, katsi ya zama abin nema. Wanda ya zaɓi kwano a wannan hali yana da hujjarsa.

Asarar da muka yi ba ta tubalin kansa ba ce, ta idon da ke tantance kayan gini ce. Tsohon magini ya san ƙasarsa kamar yunwar cikinsa, mai gida ma ya san ta, domin tare suka haƙo. Yau mai gida yana Fatakwal, kuɗi na tafiya ta waya, kaya kuma daga shagon da bai taɓa gani ba. Bulo ba ya faɗin abin da ke cikinsa. Ƙa'idar da masana suka sani ita ce awo ɗaya na siminti ga awo shida na yashi, amma mai buga bulon sayarwa yakan ja buhu guda mai kilo 50 ya fitar da kusan ninkin abin da ya kamata, ya kuma hana shi ruwa. Alhali siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, ruwa yake sha. Bulo na bukatar a yi ta ba shi ruwa aƙalla mako guda, kankare kuma sai ya kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake lissafa masa. Gwajin bulo bai fi ƙarfin kowa ba: a ɗaga shi daidai ƙirji a sake, a kuma kankare gefensa da ƙusa. Wanda ya ruguje ko ya zubo da gari, ba a ɗora wa iyali shi a ka. Haka yashi: a damƙa a hannu, in ya bar laka a tafi, bai dace da kankare ba. Buhun simintin da ya kwana a danshi ya yi gudaji ya riga ya mutu, ko da an farfasa shi. Rodi kuma a auna kaurinsa, domin abin da aka rubuta milimita 12 a rasit ba kullum ne yake cika 12 a hannu ba. Araha dai, in ji Hausawa, ba ta ado.

Akwai kuma batun zafi, wanda mu da ke zaune a gida muka fi ku saninsa. Bango mai kauri na ƙasa yana shanye zafin rana a hankali, sai dare ya yi yake sako shi, shi ya sa soro ke da sanyi da azahar a bazara, da ɗumi da asuba a hunturu. Bulo mai rami da kwano marar sili akasin haka suke. Gidaje nawa ne a garin nan da ɗa ya gina wa mahaifiyarsa ɗaki mai tayil da fenti, amma da watan Afrilu ya kama sai a tarar da tsohuwa ta kwashe tabarmarta ta koma tsohon ɗakinta na ƙasa? Ba raina kyautar ta yi ba, jikinta ne ya yi hukunci. A birni akwai fanka da na'urar sanyaya ɗaki. A nan kuwa kowa ya san yadda wutar lantarki take. Wanda zai yi rufin kwano ya ɗaga bango, ya sa sili, ya bar tagogi suna kallon juna, ya fito da bakin rufi ya yi wa bango inuwa, ya kuma ɗaure katakon rufi da jikin gini sosai saboda iskar farkon damina. Tsohon sili da rufin asbestos kuwa, ƙurarsa na cutar da huhu, a guji fasa shi ko yanka shi barkatai.

A ganinmu ba dole ne a zaɓi ɗaya a jefar da ɗaya ba. Inda ruwa ke taɓa gini, wato harsashi da gindin bango da makewayi da bakin rijiya, siminti da dutse ba su da na biyu. Daga nan zuwa sama ƙasa tana iya aikinta, muddin an ba ta takalmi da hula, wato tushe mai tsayi da rufi mai faɗi. Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu gane haka. Masallacin Yama da magini Falke Barmu ya fara ginawa da ƙasa a 1962 ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gini a 1986. A garin Dandaji kuma, a 2018, an kammala sabon masallaci da bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, aka mai da tsohon masallacin ɗakin karatu maimakon a rushe shi. Irin wannan bulo siminti kaɗan yake ci, kuma Cibiyar Binciken Gine Gine da Hanyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1978, ta daɗe da ƙera injin buga shi. Ƙungiyarmu da ta iya gina azuzuwa da shagunan haya ba za ta gaza sayen guda ɗaya ba, a gwada shi da ƙasar garin nan a kan katangar makaranta kafin a kai ga ɗakin kwana.

Saura magana ɗaya game da fili, domin ƙasar da za a ɗora gini a kanta ita ma cikin kayan gini take. Kududdufan da kakanninmu suka haƙa ba ramukan banza ba ne. Su ke karɓar ruwan unguwa idan an yi kamar da bakin ƙwarya. Yanzu ana cike su da shara a yanka fuloti, kuma ɗan birni da ya zo da rani shi ake nuna wa, don wurin yana tsakiyar gari kuma farashinsa da sauƙi. Ƙasar cike ba ta daina zama, harsashin da aka kafa a kanta yakan nutse ya ja bango ya tsage, ruwan da aka kora kuma ya nemi gidajen maƙwabta. Haka baƙar lakar fadama da ke kumbura da damina ta dare da rani. Kafin a biya kuɗin fili, a zo a gan shi a watan Agusta, a kuma tambayi dattawan unguwar abin da ke wurin shekara arba'in da suka wuce.