Yadda Aka Soma Ƙidayar Kifi a Tafkin Kainji

Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara a shekarar 1968, ruwa ya taru ya mamaye fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,270, ya haɗiye tsohon garin Bussa, ya kuma sa aka sauya wa mutane kimanin 44,000 matsuguni. Wutar lantarki aka nufa da aikin, amma kifi ne ya zama arzikin mazauna gaɓar tafkin, musamman Sarkawa, waɗanda suka gaji sana'ar su kaka da kakanni, kuma kowane sansaninsu yana da sarkin ruwa mai tsara wurin kamu da raba gardama.

A shekarun farko kifi ya yi ambaliya, domin ciyayi da itatuwan da ruwa ya shanye sun ruɓe sun zama abinci, har kamun shekara ya kai wajen tan 28,000 a farkon shekarun 1970, kifin falia ne kuma ya fi yawa a cikin jirage. Wannan albarka ba ta daɗe ba, saboda abincin ya ƙare a daidai lokacin da masunta ke ta kwararowa daga nesa, har kamun ya faɗo ƙasa da tan 5,000 a 1978. Cibiyar binciken da aka kafa a Sabuwar Bussa, wadda ta zama cibiyar ƙasa ta nazarin kifin ruwan daɗi a 1987, ta dogara ga hanyoyi biyu wajen sanin halin da tafkin ke ciki: ƙidayar jirage da komaye da masunta ƙauye-ƙauye, da kuma awon kamu, wato a tsaya a mashigi da safe a ɗora abin da jirgi ya kawo a kan sikeli, a ware shi iri-iri, a rubuta nauyinsa da irin komar da ta kamo shi.

Awon nan ne ya tona asirin dala, wata doguwar koma mai ƙananan idanu kamar gidan sauro, wadda ake jawowa zuwa gaɓa don kamun warangi, ɗan mitsitsin kifin da mata ke shanyawa a rana su kai kasuwannin Yawuri da Malale. In aka zazzage dala a kan yashi, ana tarar da 'ya'yan karfasa da na giwan ruwa, waɗanda ba su wuce tsawon yatsa ba, suna cakuɗe da warangin. Asarar tana da ciwo, domin giwan ruwa, wanda shi ne abin alfaharin masu kamun gasa da fatsa, yana iya haura kilo 100 in an bar shi ya girma.

Shirin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus da ya soma a 1993 ya gane cewa alƙaluma kaɗai ba sa hana ɓarna, don haka ya jawo sarakunan Yawuri da Borgu da sarakunan ruwa cikin aikin, a yayin da jihohin Neja da Kebbi suka kafa dokokin da suka ƙayyade faɗin idon koma, suka wajabta lasisi, suka kuma haramta dala. Haramcin dala ne ya fi wuyar tabbata, domin masu ita attajirai ne da ke ɗaukar leburori da yawa, cinikin warangi kuma shi ke riƙe da gidaje masu yawa a bakin tafkin.