Kayan Koli a Kano: Daga Ayarin Tarabulus Zuwa Kwantenar Caina

Duk wanda ya taso daga Madabo ya nufi Kasuwar Kurmi zai ci karo da tiren 'yan koli: sarƙa mai ruwan gwal, ɗankunne, madubi, agogon da ba ya kai sallar baɗi. Dattawa kan ɗora laifin a kan Caina, amma kayan araha masu ɗaukar ido sun daɗe a birnin Dabo.

Kurmi dai tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, take ci. Madabo kuwa unguwa ce ta malaman Wangarawa, ta yi suna wajen karatun fiƙihu, musamman littafin Muhtasar. Malami da ɗan koli sun sha sayayya daga ayari guda.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya rubuta abin da ayarin Tarabulus da Gadamas ke saukewa. Akwai allura da madubi da sauran tarkace daga Nurambag, tsakiya da duwatsun wuya daga Italiya, akoko daga Mancesta, da takarda mai tambarin wata uku. Yawancinsu na kashin baya ne, an ƙera su ne domin kasuwannin nesa. A Ingila ma sunan birnin Bamingam ya zama laƙabin kaya masu ƙyalli marasa ƙarko, saboda yawan irinsu da ake bugawa a can.

Abin lura shi ne yadda Kanawa suka yi da kayan. Alharini ragowar siliki ne mai kaushi, da aka rina shi ja kafin ya ƙetaro sahara, amma maɗinka suka mayar da shi aikin riga da adon takalmi da sirdi. Ruwan takobi na Solingen, wanda Barth ya ƙiyasta kusan 50,000 a shekara, a nan ake yi masa ƙota, dukawa su ɗinka masa kube, a sake fita da shi a sayar da riba. Takardar da fatake ke naɗe turkuɗi a ciki, irinta malamai suka kwafi littattafai a kai, a saka a gafaka, jikoki su gada. Kaya ya shigo da araha, ya fita da daraja, domin ya bi ta hannun mai sana'a.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya karya ayari. Kantunan John Holt da G.B. Ollivant da na Kwarori a Kantin Kwari suka cika da atamfa da kwanuka masu fenti. Sannu a hankali langa da samira suka kori ƙwarya daga jeren amarya, har darajar ɗaki ta koma yawan kwanukan da ke sheƙi a bango. Waɗannan a gama suke zuwa, ba su bar wa magyarci ko maƙeri abin yi ba.

Kayan Caina sun ƙarasa abin da aka fara. Masaƙun Sharaɗa da Bompai da Challawa suka yi ta rufewa, yadi mai kama da rinin gida ya cika Kwari, har a 2015 marina suka yi tattaki zuwa fadar Sarkin Kano suna kukan an kashe musu sana'a.

Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma talaka bai taɓa daina sayenta ba, kuma ba laifinsa ba ne. Asarar da Kano ta yi ita ce a da kayan waje na ciyar da maɗinki da baduku da marini, yanzu kuwa ɗan tireda kaɗai ke samun na cefane a ciki.