Masu Bin Sawu da Yaƙin da Ba Nasu Ba

Duk wanda ya taɓa bin 'yan farauta ya san cewa ƙasa tana magana. Karyayyar ciyawa ko tsakuwar da aka ture sun isa su gaya wa gwani wanda ya wuce, da lokacin da ya wuce. Wannan ilimi ne Turawan mulkin mallaka suka rasa a dazuzzukan Afirka, sai suka saye shi daga hannun masu shi. Tarihin mutanen San na kudancin Afirka ya ishe mu misali.

A shekarar 1967, 'yan sandan asiri na Fotugal da ake kira PIDE suka kafa wata runduna a kudu maso gabashin Angola, suka sa mata suna Flechas, wato kibau. Mafarautan San suka ɗauka a cikinta, aikinsu bin sawun 'yan gwagwarmayar neman 'yanci. Turawa sun lura cewa San sun daɗe suna shan wulaƙanci a hannun maƙwabtansu, sai suka mayar da wannan tsohon miki ya zama makami.

Da sojoji suka yi juyin mulki a Fotugal a watan Afrilu na 1974, mulkin mallaka ya kama hanyar rushewa. Masu bin sawu suka ji tsoron ramuwa, da yawansu suka tsallaka zuwa zirin Kafirifi, a Namibiya ta yau. A can sojojin Afirka ta Kudu suka zuba su cikin Bataliya ta 31 a sansanin Omega, aka sa su farautar mayaƙan SWAPO. Ubangida ya sauya, aiki bai sauya ba.

Namibiya ta sami 'yanci a 1990. A shekarar ce aka kwashe kimanin mutum 4,000, sojoji da iyalansu, zuwa Schmidtsdrift kusa da birnin Kimberley. Suka zauna cikin tantuna fiye da shekara goma, a filin da wasu mutanen Tswana suke da'awar nasu ne, tun da an kore su daga wurin a zamanin wariyar launin fata. Sai wajen 2004 suka koma Platfontein. Mutanen da aka ɗauka saboda sanin ƙasa, su ne suka wayi gari ba su da ƙasa.

To, ina ruwanmu marubuta? Mafi yawan labarin waɗannan rundunoni hafsoshi ne suka rubuta shi, kuma a ciki mai bin sawu kayan aiki ne kawai, kamar bindiga. 'Yan gwagwarmaya kuwa maci amana suke kiransa. Dukansu ba su tambaye shi abin da ya kai shi ba: yunwa ce, tsoro ne, ko tsohuwar gaba? Mu ma kakanninmu sun ɗauki bindigar Bature, tun daga rundunar Hausawa da Glover ya kafa a Legas a 1863. Idan za mu rubuta tarihinsu, mu bi sawunsu da haƙuri kafin mu yanke musu hukunci.