Tarihin Sitaci a Barnawa da Kewayen Kaduna

Sitaci farin gari ne mai laushi da ake tacewa daga hatsi ko saiwa, musamman gero, dawa, masara, rogo da dankali. Ana cinsa, ana sa wa tufafi, ana kuma buƙatarsa a masana'antun saƙa, takarda, magani da abin sha. A Barnawa, unguwar da ke Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu, tarihinsa ya bi ta wurare uku: madafin gida, masaƙun Kakuri da ke maƙwabtaka da ita, da shagunan masu wanki da guga.

Asalinsa a gida

Tun kafin a san injin, matan ƙasar Hausa sun iya raba sitaci da dusa. Ana jiƙa gero ko dawa ya kwana, a wanke, a niƙa, a tace da ƙyalle mai laushi, sannan a bar ruwan ya natsu. Abin da ya kwanta a ƙasan mazubi shi ne kamu ko gasara, wanda ake dama koko da shi. Dusar kuma ta tafi wa awaki da kaji. Matakan da manyan masana'antu ke bi a yau, wato jiƙo, niƙa, tacewa da busarwa, su ne dai waɗannan, girman kayan aiki ne ya bambanta.

Zuwan masara da rogo

Amfanin gona biyun da suka mamaye harkar sitaci a duniya duk baƙi ne a Afirka. Masara daga Meziko ta fito, rogo kuma daga Kudancin Amurka. Turawan Fotugal suka kawo rogo gaɓar Afirka a ƙarni na 16, amma ya daɗe bai karɓu ba saboda mai ɗacinsa yana ɗauke da guba. A ƙarni na 19, 'yantattun bayi da suka dawo Legas daga Burazil suka yaɗa dabarar gurza shi, a matse, a bar shi ya yi tsami, a soya ya zama garin kwaki.

Jirgin ƙasa ya taimaka wajen kawo wannan ilimi Arewa. Bayan da aka mayar da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, ma'aikata daga kowace kusurwa suka cika garin, kowa da cimarsa. Garin kwaki da alabo suka samu gurbi a kasuwanni, garin rogo ya shiga ɗanwake, dafaffen rogo da ƙuli ya zama abincin talaka.

Zamanin masaƙu

A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello da kamfanin David Whitehead na Ingila. A shekarun 1960 Nortex, UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya, Kaduna ta zama cibiyar saƙa ta Nijeriya. Unguwannin kudancin kogin Kaduna, har da Barnawa, sun bunƙasa tare da wannan zamani.

Masaƙa ba ta tafiya sai da sitaci. Zaren da ake miƙewa a tsawon injin sai an ratsa shi ta cikin dafaffen ruwan sitaci an busar, don ya yi ƙarfi, gashinsa ya kwanta, kada ya riƙa tsinkewa. Bayan saƙa a wanke shi kafin rini, a ƙarshe a sake sa wa yadin don ya yi jiki. Da tsadar wuta da kwararowar yadin fasa-ƙwauri suka durƙusar da masaƙun, KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007, wannan babbar kasuwar sitaci ta tafi tare da su.

Bincike da bunƙasar noma

A da, masara amfanin bayan gida ce a Arewa, ana gasa ta ko a dafa kafin gero ya nuna. Shekarun 1970 suka sauya mata matsayi. Cibiyar binciken noma ta Samaru, wadda aka kafa a 1922 ta kuma koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, da cibiyar IITA ta Ibadan da aka kafa a 1967, sun samar da iri mai yawan yabanya irin su TZB. Shirin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda ya fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya lokacin Funtuwa tana cikin jihar da daga baya aka sanya wa suna Jihar Kaduna, ya kai wa manoma iri da takin zamani da hanyoyin karkara. Daga nan Kaduna ta shiga sahun gaba a noman masara, Saminaka da Giwa suka zama manyan kasuwanninta. Hana shigo da sha'ir a 1988 ya tilasta wa kamfanonin abin sha komawa ga dawa da masarar gida.

Shi ma rogo ya tsallake babban haɗari. Wani farin ƙwaro mai tsotse ruwan tsiro ya shigo Afirka a shekarun 1970 yana halaka gonaki. Masanin IITA, Hans Herren, ya jagoranci kawo wani ɗan ƙaramin zanzaro daga Kudancin Amurka mai kashe ƙwaron, aka fara sakinsa a Nijeriya a 1981, annobar ta lafa. A yau Nijeriya ce ta ɗaya a duniya a noman rogo, da kusan tan miliyan 60 a shekara.

Giɓin masana'anta

Duk da wannan yalwa, mafi yawan sitacin da masana'antun ƙasar ke amfani da shi daga waje ake sayo shi, kasuwar sitacin rogo ta duniya kuma tana hannun Tailan. Dalilan a fili suke. Rogo yakan fara lalacewa cikin kwana biyu zuwa uku da tonowa, kuma sai an niƙa tan huɗu zuwa biyar kafin a samu tan guda na sitaci, don haka dole masana'anta ta zauna kusa da gona, ga ruwa mai tsabta, ga wuta. Masara tana ajiyuwa, kusan kashi 70 cikin ɗari nata sitaci ne, amma tuwo da abincin kaji sun riga masana'anta a kanta. Gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shiri na musamman kan rogo a 2002, sai dai sanannun masana'antun sitaci, irin su ta Ihiala a Anambra, Matna a Ondo da Psaltry a Oyo, duk a Kudu suke.

Halin da ake ciki

A Barnawa ta yau sitaci yana hannun ƙananan masu sana'a. Masu koko suna kai jiƙo injin markaɗe, masu wanki da guga suna dama sitacin rogo da tafasasshen ruwa don shadda da babbar riga su tsaya, akwai kuma na leda da ake kwaɓawa da ruwan sanyi. Gidaje da yawa da wannan sana'a suke ci, suke biyan kuɗin makaranta. Jihar tana da masara, tana da kogi, tana da masu sanin aikin tun kaka da kakanni. Abin da ya rage shi ne masana'antar da za ta haɗa manomin Saminaka da mai buƙatar sitaci a cikin gari, don kuɗin da ake kashewa a waje ya tsaya a hannun waɗanda suka yi noman.